Ɗana, Ina Katin Karen Nan?

Ɗana, na ji ka sayo kare. Ba irin namu na gida ba, mai dogayen ƙafafu da shafaffen ciki, wanda ke bin mafarauta daji ya dawo ya kwanta a gindin rumbu. An ce irin mai faffaɗan ƙirjin nan ne da ƙaton kai, wanda Turawa ke kira pit bull, bakinmu kuma ya lanƙwasa sunan ya koma fitbul. Har an ce ka sa hotonsa a Facebook, abokai suna ta yi maka kirari.

Ban zo in yi maka faɗa a kan sayen ba. Zamanin nan kowa ya san yadda ake kwana, ido a rufe kunne a bakin ƙofa. Malamanmu ma suna ba da labarin Ibn Abi Zaid Alƙairawani, mai littafin Risala, cewa da katangar gidansa ta rushe sai ya ajiye kare. Da aka tuna masa cewa Imamu Malik bai so a ajiye kare a gida ba, sai ya nuna cewa da Malik ya riski irin lokacinsu, da zaki ma zai ɗaure. Hukuncin ajiye kare na bar wa malamai, ka je ka tambaye su. Abin da ni na sani shi ne, duk mai rai da ka kulle a gidanka ka hana shi fita ya nema da kansa, to cinsa da shansa da lafiyarsa sun hau wuyanka. Tun muna yara ake karanta mana labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha, da na mutumin da aka gafarta wa don ya shayar da kare mai ƙishirwa. Kai ma yanzu ka shiga sahun waɗanda za a tambaya.

To, ina katin karen?

Na san amsar da za ka ba ni: wanda ya sayar maka ya ce an yi masa duk allurai. Haka suke cewa. Akwai wani yaro a layinmu, ɗan abokina ne, ya tara kuɗin aikinsa na watanni ya sayo kwikwiyo irin naka, mai ruwan toka, kai ka ce zana shi aka yi. Mai sayarwa ya rantse masa an gama allura. Bai nemi kati ba, kunya ta hana shi, wai kada a ce bai yarda da mutum ba. Kwana biyar kwikwiyon na guje-guje a tsakar gida. Ran na shida ya ƙi abinci, ya nemi lungu ya kwanta. Da dare amai ya fara, kashegari zawo ya ɓalle, ruwa-ruwa da jini, da wani irin wari da duk wanda ya taɓa shaƙa ba ya mantawa. Yaron ya je kemis ya sayo maganin zawo da ruwan gishiri da sukari, yana ɗurawa kwikwiyon yana amayarwa. Ran da ya yanke shawarar kai shi asibitin dabbobi idanun sun riga sun faɗa. Bai kwana ba.

Wannan cutar ita ake kira fabo. A 1978 duniya ta san da ita, kafin a ce me ta zagaye ko'ina. Hanjin kwikwiyo take ci daga ciki, ta kuma taɓa ɓargon da ke samar da fararen ƙwayoyin jini, sai jiki ya rasa ruwa ya kuma rasa masu tsaronsa a lokaci guda. Aikin likita shi ne ya riƙe ran kwikwiyon da ƙarin ruwa, da maganin amai, da na ƙwayoyin da ke bin raunin hanji su shiga jini, har jikin ya ci nasa yaƙin. Wanda aka kai da wuri galibi yana tashi. Waɗanda aka bari a gida kuwa, cikin 10 ana iya rasa 9. Likitocin dabbobi sun daɗe da lura cewa akwai jinsunan da ta fi kayarwa, kuma fitbul na cikinsu, tare da rotwaila da dobaman. Ka ji fa. Wannan mai ƙirji kamar ganga da kake taƙama da shi, karen unguwa da ke cin bola ya fi shi iya tsallake wasu abubuwan.

Ƙwayar tana fita ne a kashin kare mai cutar, ta zauna a ƙasa wata da watanni, a wuri mai inuwa da laima har ta shekara. Ba sai karenka ya haɗu da wani kare ba, ƙasan takalminka ya isa ya shigo da ita. Sabulu ba ya kashe ta. Ruwan bilic ke kashe ta, kashi 1 a cikin ruwa kashi 30, bayan an wanke dattin tas, a bar shi ya jiƙa wurin minti 10. Yaron nan ya so ya huce haushi ya sayo wani kwikwiyon a makon, ya sa shi a kejin da na farko ya mutu. Da ƙyar muka hana shi.

Ga yadda allurar take, ka riƙe. Ta farko ana yin ta kwikwiyo yana mako 6 zuwa 8. Daga nan a dinga maimaitawa duk bayan mako 3 ko 4, har ta ƙarshe ta faɗo a mako 16 ko bayansa. Mutane kan ce, wai me ya sa ɗaya ba ta isa, ko likitoci ne ke neman kuɗi? Ba haka ba ne. Kwikwiyo yana samun kariya daga dakashin uwarsa, nonon nan na farko. Kariyar aro ce, a hankali take ƙarewa, kuma muddin da sauran ƙarfinta takan kashe allurar kafin ta yi aiki. Babu mai duban kwikwiyo da ido ya ce yau ta uwar ta ƙare. A jikin wani tana mako 8 ta tafi, a jikin wani sai ta kai 14. Shi ya sa ake jera allurai, don wata ta faɗa daidai gurbin. Wanda ya yi biyu ya tsaya, katanga ya gina ya bar ƙofa a buɗe. Har a gama, kada ka kai shi inda karnuka ke kashi, kada kuma ka ɗauke shi yawon nuna wa abokai.

Allurar haɗi ce, ba fabo kaɗai take tarewa ba. Akwai distemfa, mai farawa da kwantsa da majina da tari, ta ƙarasa da karkarwar jiki da farfaɗiya. Akwai ciwon hanta mai yaɗuwa. Akwai kuma lefto, wadda ake ɗauka daga fitsarin ɓera da ruwan da ya kwanta, tana lalata ƙoda, tana kuma kama mutum. Idan kare ya shekara sai a ƙara masa, daga nan likita ya tsara maka. Ta lefto dai duk shekara ce.

Kati na gaskiya za ka ga an liƙa masa 'yar takardar da aka ɓare daga jikin kwalbar allurar, da kwanan wata, da sa hannun likita da hatiminsa. Allurar kuma a sanyi take rayuwa, tsakanin digiri 2 da 8. Wanda ya zo maka a kan babur da rana tsaka ya zaro kwalba daga aljihun riga, ruwa ya tsira wa karenka, kai kuma ka biya. Ka je inda ake da firji mai aiki, ko da wuta ko babu. Jihohinmu suna da asibitocin dabbobi na gwamnati, akwai na kuɗi masu rajista, ga kuma na koyarwa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da ta Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, da ta Maiduguri. In kuwa mai sayarwa ya kasa kawo kati, ka ɗauka ba a taɓa yi ba, a fara daga farko. Maimaitawa ba ta kisa.

Yanzu ka gyara zama, don abin da zan faɗa ya wuce maganar kare. Fabo in ta ci, dukiyarka ta ci. Ciwon haukan kare kuwa ɗan mutum yake ci. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa yana kashe mutum kusan 59,000 duk shekara, mafi yawa a Afirka da Asiya, kusan duka ta cizon kare, kuma cikin kowane 10 kimanin 4 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Ƙwayar tana bin jijiya ne a hankali daga wurin cizon har ta isa ƙwaƙwalwa. Takan ɗauki wata 2 ko 3, wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci shekara, rauni ya warke kowa ya manta. Ran da alama ta bayyana, mutum ya fara firgita da ganin ruwa, to sai dai addu'a. Abin takaicin shi ne maganin tarewa ya daɗe a duniya. Tun 1885 Bafaranshen nan Louis Pasteur ya gwada allurarsa a kan wani yaro ɗan shekara 9 da mahaukacin kare ya ciza, yaron ya rayu. Ranar mutuwar Pasteur ɗin, 28 ga Satumba, ita aka mayar ranar yaƙi da cutar a duniya. A nan gida ma cibiyar binciken cututtukan dabbobi da ke Vom kusa da Jos, wadda ke nan tun 1924, tana yin allurar ta karnuka.

Kwikwiyo na cika wata 3 a yi masa ta haukan kare, sannan duk shekara, kada ta wuce. Kada ka ce ai karena ba ya fita. Ƙofa takan kwana a buɗe, baƙon kare yakan shigo, kyanwa takan tsallako katanga. Kuma ba kowane mahaukacin kare ke zabura yana cizo ba. Wani shiru zai yi, muƙamuƙi ya saki, miyau na zuba, kamar ƙashi ya maƙale masa a wuya. Mai shi don tausayi sai ya zura hannu ya ciro. Kada ka kuskura.

In tsautsayi ya gifta karenka ya ciji wani, ko ya yakushe shi har fata ta fashe, abu na farko a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu na minti 15 cif, a duba agogo. Daga nan sai asibiti a ranar, a fara allurar mutane, wadda ake yi kashi-kashi cikin makonni. In raunin mai zurfi ne akwai wani magani da ake tsirawa a bakin raunin. Na ji masu cewa a ƙona gashin karen a shafa. Toka ba ta bin jijiya. Karen kuma kada ka ɓoye shi, kada ka kashe shi don fushi, kada ka kai shi ƙauye. A tsare shi likita ya sa masa ido kwana 10, amma wanda aka ciza ba zai zauna jiran kwanakin ba, a fara masa allura tukuna. A irin wannan ranar ce za ka san darajar kati. Uban yaro ya tsaya maka a ƙofa ido jajir, abin da zai fara tambaya ke nan, kuma rantsuwa ba za ta sanyaya masa zuciya ba.

Bari in gaya maka asalin abin da ka ajiye, don a nan tarkon yake. A Ingila aka samar da shi, ta hanyar haɗa karen da ake cuna wa bijimai a wurin wasa da wani ƙaramin kare mai zafin nama da ke kashe ɓeraye. Da aka haramta wasan bijimin a 1835, sai masu caca suka koma haɗa karnuka faɗa a cikin rami, a ɓoye. Kalmar farko ta sunansa ma ramin take nufi. Daga can aka kai shi Amurka, inda aka fara yi masa rajista a matsayin jinsi a 1898. Shekara da shekaru ana zaɓen wanda ba ya ja da baya ko jini na zuba, shi ake bari ya haifa. A Ingilar kanta dokar 1991 ta hana kiwonsa da sayar da shi, wanda kotu ta bar wa mai shi kuwa sai an fiɗiye shi, kuma ba ya fita sai da igiya da takunkumi.

Abin da wannan tarihi ya bar maka shi ne kare mai cinye ciwo. Wani karen ƙaya ta soke shi unguwa za ta ji. Wannan kuwa zai yi ta kaɗa maka wutsiya yana ɗauko ƙwallo alhali jininsa ya kusa ƙarewa. Kafin ya kwanta ya nuna maka, abu ya yi nisa. Don haka kai ne za ka je ka nemo ciwon, ba zai kawo maka ƙara ba. Ka ware rana ɗaya a mako, ka zauna da shi. Ɗaga leɓensa ka duba dasashi: na mai lafiya ja-ja ne mai haske, in ka danna da yatsa ya yi fari, ka saki ya dawo nan take. Leƙa kunne ka shinshina. Buɗe tsakanin yatsu. Shafa shi daga kai har wutsiya ka ji ko akwai ƙullutu. Da safe kafin a share, ka dubi kashinsa da launin fitsarinsa. Minti biyar ne, ko shayin da kake sha a bakin titi ya fi haka cin lokaci.

Abin da za ka fi cin karo da shi kaska ce. Mun saba ganinta a jikin shanu har mun raina ta. Ta kare a cikin gida take zama, a tsagar bango da ƙasan keji, uwa ɗaya tana zuba ƙwai dubbai, shi ya sa kana cirewa yau gobe wasu sun hau. Jinin da take sha ba shi ne abin tsoro ba, abin da take zubawa ne. Akwai cutar da ke farfasa jajayen ƙwayoyin jini, babesiya: dasashi ya yi fari, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, saifa ta kumbura. Akwai erlikiya, mai sa zazzaɓi da rama da haɓo. A Amurka an gano wani nau'in babesiya da ya fi yawa a jikin fitbul fiye da sauran karnuka, don yana bin raunin cizo in sun yi faɗa, yana kuma bin uwa zuwa 'ya'ya. Ko wannan kaɗai ya ishe ka dalilin ƙin samarin da za su ce ka kawo shi a gwada shi da na wane. Haɗa dabbobi faɗa zalunci ne da addini ya hana, sannan ka dawo gida da cuta.

Maganin kaska yanzu ya yi sauƙi. Akwai ƙwayar da kare ke taunawa ta tsare shi wata guda, akwai mai kaiwa mako 12, akwai na ɗigawa a ƙeya. Likita zai auna nauyinsa ya zaɓa. Sai a haɗa da feshin keji da toshe tsagogin bango. Abin da nake roƙonka, kada ka wanke shi da fiya-fiya ko maganin feshin gona. Fata tana sha, yana kuma lasa, sai ka ga miyau da karkarwa da numfashi sama-sama. Tsutsar ciki kuma tun yana mako 2 ake fara ba shi magani, duk mako 2 har ya kai wata 3, sai wata-wata har wata 6, daga nan duk wata 3. Wannan har don ƙannenka ne masu wasa da ƙasa, domin ƙwan tsutsar yana shiga cikin yaro. A kwashe kashi kullum.

Sai fata, wadda ita ce raunin wannan jinsi. Gashinsa gajere ne, ba ya tare komai. Da yawansu tsakanin wata 6 da shekara 3 suke fara ƙaiƙayi: lasar ƙafa ba dare ba rana, ciki ya yi ja, kunne ya dinga ruwa yana wari. Wani ƙura ce ba ta karɓe shi ba, wani ciyawa, wani cizon ƙuma, wani abincin. Ga kuma ƙazwa iri biyu. Ɗaya ƙwaron da ke kawo ta tun daga jikin uwa yake, ba ya tashi sai garkuwar jiki ta yi rauni, gashi ya zube a gefen ido da baki. Ɗayar mai tsananin ƙaiƙayi ce, tana yaɗuwa, har mutanen gida takan taɓa. Da ido ba a rabe su, sai likita ya kankari fatar ya duba a madubinsa. A nan ne 'yan ba-ni-na-iya ke ɓarna. Wani ya ce a shafa baƙin mai, wanda guba ne. Wani ya tsira masa allurar kashe ƙaiƙayi, kwana uku ka ga kamar an warke, alhali garkuwar ta ƙara dannewa, ƙwaron ya samu fili. In kuma ka ga wasu ƙuraje kamar maruru masu ɗan rami a tsakiya, musamman a jikin kwikwiyo da damina, tsutsar wani ƙuda ce da ke ƙwai a yashin da aka yi wa fitsari. Wurin kwanansa ya zama busasshe, a sama da ƙasa, da abin shimfiɗa, don siminti tsura yana cin gwiwar hannu. Mai farin gashi kuma rana tana ƙona shi kamar yadda take ƙona zabiya.

Tun da na ambaci rana. Kare ba ya gumi kamar mu, da haki yake fitar da zafi. Zafin jikinsa na lafiya digiri 38 zuwa 39 ne, in ya haura 41 kayan ciki sun fara lalacewa. Ka tuna yadda bazara take a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, sannan ka dubi kejin ƙarfen nan mai rufin kwano da aka ajiye a tsakiyar fili. Tanda ce. Ka mayar da shi inuwa inda iska ke ratsawa. Kare mai kilo 25 yana shan kusan lita ɗaya da rabi a rana ko ba zafi, da bazara kuwa fiye, don haka kwano mai nauyi da ba zai kifar ba, a cike kullum. Yawo da asuba ko bayan magariba. In bayan hannunka ya kasa jure zafin kwalta, tafin ƙafarsa ma ba zai jure ba. Shi kuma ba zai ce ya gaji ba, zai bi babur ɗinka har ya faɗi. In ka ga haki ya yi yawa, harshe ya yi jajir, yana tangaɗi, ka kwarara masa ruwan randa a jiki duka, ka sa shi gaban fanka, ka nufi asibiti ko da ya nuna ya farfaɗo.

Maganar abinci ba zan ja ta ba. Ragowar miyarmu cike take da albasa da tafarnuwa, su kuwa suna farfasa jinin kare. Cakulan da goro da inabi duk guba ne gare shi. Dafaffen ƙashi yana tsagewa ya huda hanji. Nama zalla ba abinci ba ne ga mai girma, ƙashinsa zai yi laushi ƙafafu su lanƙwashe. Haka ɗura masa ƙwayoyin ƙarfin ƙashi ba da izinin likita ba yana ɓata gaɓoɓi. Kwikwiyo sau 3 ko 4 a rana, babba sau 2. Ka daina ganin ƙiba a matsayin ƙarfi. Yawancinsu tsakanin kilo 14 da 27 suke. In ka shafa gefensa ka kasa jin haƙarƙari, ya yi nauyi, kuma jinsi ne da jijiyar gwiwa ke yawan tsinke masa, wasu kuma ƙugu bai zauna daidai ba tun haihuwa. Masu rataya wa ɗan wata 6 ƙatuwar sarƙa ko su sa shi jan taya don ya yi ƙwanji, da masu yi masa allurar 'yan ɗaga ƙarfe, gurgu suke ginawa. Maganin ciwon jikinmu kuma, irin su ibufurofen da daikulofenak, suna huda masa ciki su kashe ƙoda. Ko farasitamol kada ka ba shi da ka.

In karya ce, takan yi zafi kamar sau biyu a shekara, ciki kuma kwana 63 ne ko kusa da haka. Makonni bayan zafin, in ka ga tana shan ruwa ba ƙaƙƙautawa, ta yi sanyi, ko mugunya na fita, mahaifa ce ta ruɓe, aikin gaggawa ne na ranar. Allurar hana ɗaukar ciki da wasu ke yi musu tana jawo wannan. In ba kiwo za ka yi na sani ba, ka zauna da likita ku tsayar da lokacin da za a cire mahaifar, ko a fiɗiye namijin. Barin su su bi karnukan titi kuma yana kawo wani tsiro mai zubar da jini a al'aura, wanda ake ɗauka wurin barbara. Yana jin magani, amma allura ce mako-mako.

Akwai abin da ba a rubutawa a kati, amma likita ya fi kowa sanin amfaninsa. Kwikwiyo daga mako 3 zuwa wajen 14 yake koyon abin da zai ji tsoro da wanda zai saba da shi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A wannan lokacin ka saba masa da taɓa baki da kunne da ƙafa, da sa takunkumi yana samun ɗan nama a ciki, da shiga mota, da ganin baƙi suna shigowa lafiya. Karen da mutum huɗu ba sa iya riƙewa, wa zai duba masa dasashi? Haka zai ruɓe a keji ana leƙensa daga nesa. Masu cewa a kulle shi a duhu, a ba shi barkono, a dinga dukansa don ya yi zafi, ba mai gadi suke haɗawa ba, masifa suke tarawa, kuma yawanci a kan na gida take fashewa. Zancen wai muƙamuƙinsa yana kullewa in ya kama, ƙarya ce, ƙashin bakinsa irin na kowane kare ne. Naci ne da ƙarfi, su ma sun isa. Kada ka bar shi da yaro su biyu, ko sau ɗaya, ko da tare suka tashi. In kuma kare mai haƙuri ya wayi gari yana gurnani in an taɓa shi, kafin ka ɗauko sanda ka kai shi a duba kunne da haƙori da gaɓoɓi, sau da yawa ciwo ne ke magana.

Wanda aka kula da shi yakan kai shekara 12, wani 14. Ka lissafa shekarunka, ka ga inda za ka kasance a lokacin, da aure da 'ya'ya in Allah ya so, shi kuma yana nan. Daga shekara 7 ganin likita ya koma sau biyu a shekara, kuma duk ƙullutun da ya fito a fata a je a tsotsi ruwansa a duba, don jinsin yana yawan samun wani ciwon dajin fata mai kama da ƙurji marar komai. Duk wannan kuɗi ne, ban ɓoye maka ba. Kuɗin da ka biya ran saye shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da zai ci. In ka duba aljihunka ka ga ba za ka iya ba, ba abin kunya ba ne ka nemi wanda zai iya ka ba shi tun yana ƙarami. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

In kuwa ka ce za ka riƙe, to tashi yanzu ka ɗauko katin ka duba kwanan watan allurar ƙarshe. In babu katin, ko ka ga babu ta haukan kare a ciki, gobe da safe kafin rana ta yi zafi ka sa shi a mota ku tafi asibitin dabbobi. Ka ɗauke shi a hannu in kun isa, kada ka sauke shi a ƙasa.